Kilo Goma Sha Ɗaya

Malamar asibitin kamfani ba ta ɗaga murya ba da ta gaya masa, kuma wannan ne ya fi tayar masa da hankali. Da faɗa ta yi, da ya san yadda zai yi da ita, don shekara ashirin da biyu ke nan yana hawa falwaya yana gyaran wayar lantarki, babu irin masifar da bai sha ba daga bakin mutanen da wutarsu ta ɗauke. Ita kuwa sai ta sa ya sauko daga kan sikeli, ta jawo masa kujera, ta ce, "Baba, zauna mu yi magana."

Maganar ba ta da tsawo. Kamfani ya sayo sababbin tsani da bel ɗin hawa, an kuma rubuta a jikinsu cewa ba sa ɗaukar abin da ya wuce kilo ɗari da ashirin, mutum da kayan aikinsa. Kayan aiki kilo goma ne. Shi kuwa, ba takalmi ba hula, ɗari da ashirin da ɗaya. Nan da wata uku za a sake auna kowa. Wanda bai sauko ɗari da goma ba, shi da hawa sai labari, za a mayar da shi sito ya riƙa miƙo waya ta taga.

"Kilo goma sha ɗaya ke nan," in ji ta. "Ana iyawa, Baba."

"'Yata, wa ya san wannan maganar?"

"Daga ni sai kai. Ba na kai sunan kowa ofis sai ranar awo."

"To, don Allah ki bar ta a ɗakin nan."

Na-Sama ake ce masa a wurin aiki, har wasu sun manta yana da wani suna. Su biyar ne a motarsu: Tsoho, shugaban ayarin, wanda ya daina hawa yana tsayawa a ƙasa yana ba da umarni, Direba, sai wasu biyu da ake kira Tagwaye, ko da yake ba su haɗa uwa ko uba ba, surutu kawai suka haɗa. Matar Na-Sama ta rasu shekara uku da suka wuce, 'yarsa ɗaya tilo kuma tana aure a wani gari mai nisa. In ka cire mutanen nan huɗu daga rayuwarsa, abin da zai rage ɗaki biyu ne da firji mai gurnani. Ya san sito sarai: wani dogon ɗaki ne a bayan harabar kamfani, mai taga ɗaya, mutum ɗaya, da warin roba. Da a kai shi can, gara ya ci iska wata uku.

Abin da ya sa ya ɓoye kuwa, shi ya san irin bakin da ke cikin motar nan, don shi ne sarkin bakin. Ɗaya daga cikin Tagwaye ya taɓa zuwa aiki da tabarau sau ɗaya tak, Na-Sama ya raɗa masa Furofesa, yau shekara huɗu sunan bai bar shi ba. To yanzu a ce shi da kansa, mutumin da ake ja wa layi a faranti don kada ya ƙetara yankin wasu, ya zo ya ce likita ya hana shi ci? Ai har ya yi ritaya ba zai ji ƙarshen maganar ba.

Farantin nan kuwa shi ne tsakiyar yininsu. Wani ƙaton tire ne da ke zaune a bayan kujerar Direba. Duk inda ƙarfe ɗaya na rana ta same su, Direba zai ɗauka ya nufi mai abinci mafi kusa, ya dawo da shi shaƙe da shinkafa da miya da nama, a shimfiɗa kwali a inuwar mota, a zagaye shi. A nan ake yin komai. A nan ake zagin manaja, a nan ake sasanta wanda ya yi faɗa da matarsa, a nan aka zauna da Na-Sama shiru ranar da ya dawo aiki bayan rasuwar, Tsoho yana tura masa nama da ɗan yatsa ba tare da ya ce uffan ba.

Takardar da malamar ta ba shi ta ce: ƙwai biyu da shayi ba sukari da safe, ganye da kifi da rana, shinkafa kada ta wuce dunƙulen hannu. Ya dunƙule hannunsa ya duba, ya ɗan ji daɗi, don Allah ya ba shi hannu. Sai ya ga an ƙara a ƙasa da biro cewa dunƙulen hannunta take nufi.

Ranar farko ya ce cikinsa ne ya ɓaci. Ta biyu ya ce zai kira 'yarsa. Ta uku ya so ya ce azumi yake, amma ya ji tsoron yin ƙarya da ibada, sai ya ɗaga murya daga saman falwaya ya ce su fara, bari ya ƙarasa ɗaurin nan. Daga nan abin ya zama jiki. In an sauke tire, shi sai ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya zagaya bayan wani gini, ya zaro 'yar robar da ya ɓoye ƙarƙashin safar hannu, ya cinye kabejinsa da gutsuren kifi a tsaye cikin minti uku. Sauran minti ashirin da bakwai ɗin kuma ya jingina da bango yana jin dariyarsu daga nesa.

Yunwa dai ya san ta, kowa ya san ta, tana zuwa tana tafiya. Abin da bai sani ba shi ne surutun. Wani abu ne ya tare a kansa, ba ya gajiya, ba ya hutun ƙarshen mako. Yana buɗe ido da safe zai ce masa, ƙwai biyu, soyawa za ka yi ko dafawa, in ka soya man ya shiga lissafi? Yana cin ƙwan yana tunanin kifin rana. Yana cin kifin yana auna awa nawa suka rage kafin shinkafar yamma. In ya ta da salla sai ya tsinci kansa a raka'ar da bai sani ba, ta biyu ce ko ta uku, don ya tafi wani shagon burodi da suka wuce tun jiya. Ya sha yin istigfari a kan burodin nan har ya fara jin kunyar maimaitawa.

Aikinsa kuma ya ci amanarsa. Shekara ashirin da biyu yana hawa, bai taɓa lura cewa ƙamshi sama yake tashi ba. Daga kan falwaya unguwa gaba ɗaya a buɗe take: can wata tana soya albasa, can an ɗora wake, can wani mutum a baranda yana ɓare dafaffen dankali yana barbaɗa gishiri a hankali kamar ba shi da wani aiki a duniya. Na-Sama zai tsaya da filaya a hannu yana kallon mutumin nan har ya kai loma baki, sai ya ji nasa bakin ya motsa. Hannunsa na aiki, don hannu ya san hanya, amma shi ba ya nan.

A mota ma ba ya nan. Da, daga harabar kamfani har wurin aiki bakinsa ba ya rufuwa. Yanzu sai ya manna kai da gilashi yana ƙirga masu sayar da abinci a bakin titi, ya san na bakwai shi ne mai gasa kaji, yana jiran su iso shi, yana kuma tsoron su iso shi. Wata rana Direba ya miƙo masa ƙullin gyaɗa ta baya kamar yadda ya saba, Na-Sama ya daka masa tsawa, "Na ce maka ina so ne?" Direba ya janye hannunsa ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Yaya."

A mako na biyar ya karya dokar malama. Ya taso daga aiki da yamma, ya bi ta gaban shagon burodin nan, ƙafarsa ta shiga da kanta. Ya sayi babba, mai zafi, ya ce wa kansa na kwana huɗu ne. Bai ko cire takalmi ba, a tsaye a kicin ya cinye shi tas, da hannu biyu, ba shayi ba ruwa. Da ya gama ya tsaya yana kallon ledar. Ba ƙoshin ne ya dame shi ba. Abin da ya sa ƙwalla ta cika masa ido shi ne babu ko mutum ɗaya a duniya da zai gaya wa cewa ya ci burodi, wanda zai gane girman abin. Washegari ya rama da tsallake abincin rana gaba ɗaya, ya yini a sama kansa na juyawa.

Ranar Lahadi 'yarsa ta kira ta bidiyo, jaririnta a kafaɗa.

"Baba, ka rame fa. Kana cin abinci kuwa?"

"Ina ci mana. Wayarki ce ke matse mutane."

"Su Baba Tsoho suna lafiya? Har yanzu kuna cinye musu naman?"

"Har yanzu," in ji shi. Ya buɗe baki zai gaya mata, sai jaririn ya tsala kuka, ta ce za ta sake kira. Ya zauna da wayar a hannu yana tunanin abin da ke cikin tukunyar da ya hango a bayanta.

Ramar ba ta ɓuya ba, ina za ta ɓuya? Rigar aikin da da take neman tsagewa a ciki ta fara lilo. Wata safiya Furofesa ya dube shi sama da ƙasa, ya washe baki ya ce, "Kai, Na-Sama, wa ya sace maka..." Tsoho ya yi masa wani kallo, maganar ta mutu a nan. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara tsokanarsa. Suka koma gaishe shi da ladabi, suna riƙe masa tsani su biyu, suna karɓe masa jaka. Da farko ya ji sanyi a ransa, ya ce ya tsira daga bakinsu. Bayan kwana biyu sai ya gane ladabin nan ya fi zagin ciwo. An daina ma kiransa in an sauke tire.

Sau biyu Tsoho ya tare shi. Na farko a gindin wata taransifoma, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗan'uwa, gwiwa ce?"

"Gajiya ce kawai, Tsoho. Jikin ne ya fara yi mini magana."

Tsoho ya daɗe yana gyaɗa kai. Na biyu kuma a mota ne, suna tsaye a cunkoso daidai wurin mai gasa kaji, hayaƙin na shigowa ta taga. Tsoho ya ce, kamar da wasa, "Ka leƙa sito kwanan nan? An sa musu fanka sabuwa, har da kujera mai taushi." Na-Sama yana kallon yadda mai kajin ke shafa wa wata cinya mai da buroshi, yana tunanin in aka cire fatar ko za ta shiga cikin takardar malama. Ya ce, "Ai su sun huta." Bai ma san ya faɗa ba.

Ranar awo ya je da sassafe cikinsa wayam, amma layi ya yi tsawo, ba a kai kansa ba sai wajen sha biyu da rabi. Ya cire takalmi, ya cire agogo, ya cire har makullan gida daga aljihu. Ya hau ya rufe ido.

"Ɗari da tara da rabi," in ji malamar, ta tafa hannu. "Baba, wallahi ka ba ni mamaki! Mutum shida na ba takardar nan, kai kaɗai ka kai."

Ta buga hatimi a takardar awon ta miƙa masa. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya fito yana jin ƙafafunsa kamar na ɗan shekara talatin. Yanzu kam zai faɗa. Zai shimfiɗa musu takardar a kan kwali, su yi ta dariya har su gaji, su raɗa masa duk sunan da suka ga dama. Ya ma fara zaɓo musu sunan da kansa don kada Furofesa ya riga shi.

A harabar kamfani ya same su, ba su fita ba. Sun ajiye mota a inuwar bangon sito, an shimfiɗa kwali, an sauke tiren. Bai taɓa ganin an cika shi haka ba, kaji uku ne kwance a kan shinkafar. Akwai kuma wani baƙo a cikinsu, wani magidanci siriri daga ayarin wata unguwa, yana zaune a takure da hular kwanonsa a cinya.

"Ga shi nan!" in ji Direba. Duk suka miƙe.

Tsoho ya share murya. Ba gwanin jawabi ba ne, sai ya zaro wata takarda daga aljihu ya riƙe ta da hannu biyu. "Ɗan'uwa, mun gani, mun kuma gane. Ba sai ka faɗa ba. Mako uku ina hawa benen can ina sauka, manaja ya ce mutum tara ke neman wurin, na ce masa ko ya ba Na-Sama ko ni ma in ajiye. Jiya ya sa hannu. Daga yau sito naka ne. Ka hau iya hawanka, Allah ya sa ka huta lafiya."

Suka ce amin, suka tafa.

Sai a lokacin abin ya faɗo masa, kuma da ya faɗo, ya rasa yadda aka yi bai gan shi tun tuni ba. A wannan sana'a babu namijin da ke buɗe baki ya ce na kasa hawa. Ba a taɓa yi ba. Wanda jikinsa ya gaza, hannunsa yake janyewa daga tire, ya koma gefe, ya rage magana. Sauran su gane, shugaba ya je ofis ya roƙa masa wuri a ƙasa, don a raba shi da kunyar roƙo. Kowa ya san wannan. Na-Sama ya fi kowa sani, don shekara bakwai da suka wuce shi ne ya fara lura da wani abokin aikinsu ya daina ci da su, shi ne ya ja Tsoho gefe ya ce lokaci ya yi. Wata uku yana yi musu wannan alamar kullum ƙarfe ɗaya na rana, kansa kuwa cike da ƙwai da burodi da cinyar kaza, ko kusurwa ɗaya ba ta rage da zai yi wannan tunanin ba.

Ya zaro tasa takardar. Ya miƙa wa Tsoho. Tsoho ya nisanta ta da idonsa ya karanta, ya sake karantawa.

"Mene ne wannan?"

"Sikeli ne. An ce in ban sauke kilo goma sha ɗaya ba za a kai ni sito. Shi ne na sauke." Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Don in zauna da ku na yi."

Baƙon ya sunkuyar da kai yana juya hularsa.

"Wata uku?" in ji Tsoho. "Abin da kake yi a bayan gini ke nan?"

"Kabeji nake ci."

"To me ya hana ka faɗa, bawan Allah?"

"Za ku yi mini dariya."

"Da mun yi mana!" Tsoho ya ɗaga murya, idonsa ya kaɗa. "Da mun yi maka dariya sati guda, har da suna. Sannan mu ce wa mai abinci ta ƙaro ganye, mu zauna mu ci tare. Mu ne fa, Na-Sama. Mu ne."

Direba ya ce ko za a koma wurin manaja. Tsoho ya girgiza kai a hankali. Baƙon nan shi aka turo ya maye gurbin Na-Sama, an riga an cike nasa gurbin a ayarin da ya baro, sunan Na-Sama kuma ya fita daga jerin masu hawa tun jiya da yamma. Wanda ya fita ba ya komawa, Tsoho da kansa aka sa ya sa hannu a kan hakan. Ya ninke takardun biyu tare, ya rasa wanda zai ba, ya ajiye su a kan kwali.

"Zauna," ya ce. "Zauna ka ci, don Allah."

Na-Sama ya zauna a wurinsa na da, tsakanin Direba da Furofesa. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai loma. Abincin ya yi daɗi, abin haushin ke nan, ya yi daɗi fiye da duk yadda ya yi ta zana shi a kansa. Furofesa ya so ya yi wata barkwanci a kan layin da ake ja masa, ya fara, ya kasa ƙarasawa.

Ba su kai rabi ba wayar Tsoho ta yi ƙara. Wayar lantarki ta tsinke a kusa da wata makaranta, tana kwance a kan titi, a zo yanzu. Nan take kowa ya miƙe yana karkaɗe hannu, Direba ya tayar da mota, Tagwaye suka ɗaure tsani. Na-Sama ma ya miƙe, har ya kai hannu ga ƙofar baya, sai ya ga baƙon ya riga ya zauna a ciki, a gefen taga, yana kallon gabansa don kada su haɗa ido.

Tsoho ya leƙo daga gaba. "Ka ajiye mana tiren a sito, ma biyo mu ɗauka."

Motar ta fita ta babbar ƙofa, maigadi ya ja ƙarfen ya rufe. Na-Sama ya koma ya zauna a kan kwalin. Kafin su tashi, kowannensu ya turo naman gabansa zuwa gefensa, kusan kaji biyu cur, kuma yanzu babu sikelin da zai hana shi. Ya daɗe yana kallon tiren, ga wuri har wuri a zagaye da shi, sannan ya jawo shi gabansa ya ci gaba da ci shi kaɗai.